Tawadar Baba a Wuyan Jarumai

Ƙanena yana ɗan shekara huɗu shan inna ta kama shi. Da zazzaɓi abin ya fara, da zazzaɓin ya sauka sai ƙafarsa ta hagu ta ƙi ɗaukarsa, ta yi ta motsewa har ta koma kamar sillen kara. Shi ne autan Umma, kuma Auta muke ce masa har yau da ya tara gemu. Ni yake bi, sai dai akwai tazara a tsakaninmu, don haka kusan a bayana ya girma.

Babanmu malami ne, ba na boko ba. Manyan mutane ke zuwa zaurenmu a Daura bayan asuba da bayan la'asar suna ɗaukar karatun littattafai: teloli, 'yan tireda, da wasu dillalan shanu da ba sa zuwa sai in ba ranar kasuwa ba ce. Mutum ne mai sanyin magana, ban taɓa ganin ya ɗaga hannu ya doki ɗayanmu ba. Ranar Juma'a shi ke ɗora Auta a bayan kekensa su tafi masallaci, sandunan yaron a ɗaure a jikin keken. In sun isa shi ke sauko da shi a hannu, ko da kuwa akwai ɗalibansa a wurin da za su so su yi masa.

Ba mu da talabijin. Maƙwabcinmu, wani ma'aikacin ƙaramar hukuma, shi ke da ita, kuma ranar Asabar da yamma matarsa kan bar yaran unguwa su cika mata falo. Akwai wani katun da ake sawa na wani jarumi, saurayi mai gyaran agogo, wanda in masifa ta faɗo wa garinsu sai ya saka wasu takalma ya dinga tsallake benaye, karensa na bin sa ta ƙasa. Sunansa na Turanci ya ƙi zama a bakin yara, sai suka raɗa masa Mai Takalmin Ƙarfe. Manya sun ɗauka saboda ƙafarsa ne Auta ya ƙwallafa rai a kan wannan jarumi. Ni dai ban taɓa jin ya faɗi haka ba. Abin da ya fi ba shi dariya karen ne, da yadda jarumin ke rikicewa in mahaifiyarsa ta tambaye shi inda ya je.

Matsalar ita ce kafin Auta ya dogara sandunansa ya isa, wuri ya cika, sai ya raɓe a bakin ƙofa yana leƙe ta tsakanin kawuna. Ga wutar lantarki da ba ta da alƙawari. Sau da yawa yakan dawo ido jajir.

"Yaya, an ɗauke wuta yana sama. Bai sauko ba."

"Zai sauko mako mai zuwa."

"Mako mai zuwa wani labarin za su sa. Ba sa komawa baya."

Kawu ne ya kawo maganin wannan. Ƙanen Umma ne, direban motar haya, gidansa na Zango amma yakan yi lodin Kano. A can ya ga wani mai baza tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da tasha, ya hango hoton jarumin da Auta ya ishe shi da labarinsa, ya kwaso guda uku. Littattafai ne marasa kauri, takardarsu sharara, kowane shafi an yanka shi gida-gida, kowane gida da zanensa, maganar mutane kuma a cikin wani farin ƙwai da ke fitowa daga bakinsu. Jarumin talabijin ne sak, da karensa da shagon agogonsa, amma labaran sababbi ne, ba waɗanda aka nuna ba. A nan ba mai tare wa Auta gani. In jarumin ya yi tsalle, yana nan a sama har sai Auta ya ga dama ya juya shafi.

Lokacin ina ƙaramar sakandare, Turancina bai taka kara ya karya ba, amma ni ce mai karantawa in juya masa da Hausa. Inda na kasa sai in ƙirƙira. Ba a daɗe ba ya fara kama ni.

"Jiya ba haka kika ce ba. Jiya cewa kika yi gadar ce za ta karye."

Haushin ƙaryata ne ya sa ya dage da karatun boko, har ya zamana shi ke gyara mini. Kawu kuma duk lodin Kano sai ya ƙaro ɗaya ko biyu, wasu ba bango, wasu da sunan wani yaro da ba mu sani ba a rubuce a ciki. Umma ta ba shi wata tsohuwar akwatin kwano ya dinga zubawa.

Daga nan abin ya wuce karatu. Tsakanin azahar da la'asar zaure ba kowa, sai Auta ya ja akwatinsa can. Yaran da a da suke wuce shi a guje zuwa ƙwallo suka fara tsayawa, sannan suka fara zama. Yana tsakiya, gurguwar ƙafar a naɗe ƙarƙashin riga, yana buɗe shafi yana canza murya, yana hana mai dattin hannu taɓawa. Wanda ya yi masa rashin kunya ya kore shi, kuma ya koru, washegari ya dawo da aya ko goriba yana ba da haƙuri. Ban taɓa ganin ƙanena da iko a kan kowa ba sai a wannan zaure. Baba ya san da zaman. In ya fito alwalar la'asar yakan tsaya ya ce, "Yau kuma me mutumin naka ya yi?" Auta ya ba shi labari a gurguje, Baba ya yi murmushi ya ce a tashi haka nan, manya na tafe. Bai taɓa karɓar littafin ya duba cikinsa ba.

Ana haka aka shigo da shari'a a jiharmu. Murna aka yi sosai a gidanmu, na ga Baba yana share hawaye da gefen rawaninsa ranar da aka yi sanarwa a rediyo. Abubuwa suka fara sauyawa. Wani gida da ake sayar da giya a ɓoye ya rufe, hijabanmu suka ƙara tsawo, masallacin unguwa ya fara cika har waje. Mutanen unguwarmu suka haɗa wani kwamiti na gyaran tarbiyya, kuma da yake Baba ne malamin da ake ji da shi, aka sa shi a gaba. Bai nema ba, bai kuma ƙi ba.

Wata rana kwamitin ya je wurin wani saurayi mai gidan kallo, rumfar kwano da yake tara samari yana nuna musu finafinai. Nasiha suka je yi masa ya rufe. Ban je wurin ba, amma kafin Baba ya iso gida matar maƙwabcinmu ta riga ta kawo wa Umma labarin ta kan katanga. Wai saurayin ya saurara har Baba ya gama, sannan ya ce a gaban jama'a:

"Allah gafarta Malam, na ji. Amma hoto nake nunawa, ɗanka ma hoto yake nunawa. Nawa a bayan kasuwa, nasa a zauren da ake karatun addini. Har da mace a ciki, kayan jikinta kamar an shafa mata fenti. A fara rufe wancan, ni ma sai in rufe."

Baba ya shigo bai yi sallamar da ya saba da ƙarfi ba. Umma ta kai masa abinci ya ce a rufe. Ya zauna a tsakar gida ya ce Auta ya kawo akwatin. Ranar ce ya fara buɗe littattafan da hannunsa. Yana juya shafi a hankali, har ya iso kan wata jaruma da ke taimakon Mai Takalmin Ƙarfe a wasu labaran. Mu mun saba da ita har ba ma ganin kayan jikinta. Baba ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya yi salati ƙasa-ƙasa.

Akwai wani ɗalibinsa matashi mai zafi, shi ma ɗan kwamitin, da ya biyo shi ya tsaya a zaure. Daga can ya ɗaga murya:

"Malam, a fito da su ƙofar gida a cinna musu wuta kowa ya gani. Shi ne kawai zai rufe bakin mutane."

Auta ya kife a kan akwatin da ƙirjinsa. Umma ba ta saba sa baki in akwai baƙo a zaure ba, amma ranar ta matso kusa da Baba ta durƙusa.

"Malam, yaron nan ba ya ƙwallo, ba ya zuwa gona, ba ya zuwa ko'ina. Abin nan kaɗai gare shi."

"Na sani," in ji Baba. "Kin ɗauka ban sani ba?"

Ya sallami ɗalibin, ya ce zai yi nazari. Ya ɗauki akwatin da kansa ya kai ɗakinsa. Kwanaki suka wuce yana buɗe manyan littattafansa yana rufewa, abinci sai an matsa masa. Auta kuma kullum yana zaune inda zai iya hango ƙofar ɗakin. Daga baya Baba ya hau motar Sandamu ya je wurin tsohon malaminsa. Da ya dawo da yamma fuskarsa ta saki, har ya sayo mana rake. Ya kira ni da Auta.

"An sami mafita. Ba za a ƙona ba. Malamai sun ce in aka raba kan hoto da jikinsa, ya tashi daga siffar mai rai. Layi kawai zan ja, a mayar maka da kayanka."

Na tabbata Auta bai ji komai ba sai cewa ba za a ƙona ba. Ya kama hannun Baba da hannu biyu yana godiya. Ni ma a raina na ce ai layi ba wani abu ba ne.

Washegari Baba ya dama sabuwar tawada, ya fiƙe alƙalami. Bayan ɗaliban safe sun watse, Auta kuma ya tafi makaranta, sai ya shimfiɗa buzunsa a inuwar darbejiya ya fara. Hutun rabin zango muke yi a tamu makarantar, don haka ni ce mai kwashe wanda ya gama in baza a rana. Ya yi aikin da natsuwar da yake rubuta aya a allo. Duk wani mai rai a kowane gida na kowane shafi sai da ya ja masa layi a wuya: jarumin, mahaifiyarsa, mugayen, mutanen da ke gudu a titi can nesa ƙanana kamar tururuwa, har tsuntsaye. Jarumar kuwa ya shafe ta da baƙi daga wuya har ƙafa, ya bar fuskar kawai.

Tawadar allo ba ta san irin wannan takarda ba. Tana sauka sai ta baje, ta yi kauri, ta huda zuwa bayan shafin. Inda fuska ƙarama ce sai ta cinye haɓa da baki. Na ce, "Baba, tana yaɗuwa fa." Ya rage ruwan, ya sake fiƙe alƙalamin, amma bai canza komai ba sosai. Safiya bayan safiya yana kai, bayansa na ciwo, yana miƙewa da ƙyar. Wallahi a ganinsa wahala yake sha domin ɗansa.

Ranar da ya gama ya jera su a akwatin yadda ya same su, ya kira Auta ya tura masa gabansa yana murmushi. Auta ya ɗauki na sama ya buɗe. Ya juya shafi, ya sake juyawa. Ya ajiye ya ɗauki wani, yanzu da sauri, ya ɗauki na can ƙasa, wanda Kawu ya fara kawowa.

"Baba, ka yanka su."

"A'a, Auta. Layi ne kawai. Duba, rubutun duk yana nan, za ka iya karantawa."

"Ka yanka su duka. Har karen. Me karen ya yi?"

Bai yi ihu ba. Ya mayar da littafin, ya rufe akwatin, ya sa ƙafarsa mai lafiya ya tura ta gaban Baba. Bai tsaya ɗaukar sandunansa ba, da hannu ya ja jiki ya shige ɗakin Umma, abin da ya daina yi tun yana ƙarami saboda kunya. Baba ya bi shi da kallo, murmushin bai gama barin fuskarsa ba.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da ya warke. Bayan kwana biyu na lallashe shi ya fito da su zaure, na ce yara ba za su damu ba, labari suke so. Suka taru kamar da. Yana buɗe shafin farko wani ya fashe da dariya, ya sa yatsa a maƙogwaronsa ya ja, ya yi kukan rago. Sauran suka ɗauka. Kafin magariba maganar ta zaga unguwa, wai Malam ya yi layya da Mai Takalmin Ƙarfe. In Auta ya fito za shi makaranta sai ya ji ana kukan rago a bayansa. Bai sake kai akwatin zaure ba, bai sake buɗe ta ba, gidan maƙwabci ma ya daina zuwa ranar Asabar.

Baba kuma bai gamsar da kowa ba. Ɗalibin nan mai zafi ya ce layi wasa ne da hukunci, ya ɗauke littafinsa ya koma wani zaure, wasu suka bi shi. Mai gidan kallo bai rufe ba, yana ma cewa a kawo masa tawadar ya shafa wa gilashin talabijin ɗinsa. Baba ya fara ba da uzuri in an kira taron kwamiti, daga baya suka daina aiko masa.

A cikin gida ne abin ya fi nauyi. Auta bai yi wa Baba rashin kunya ko sau ɗaya ba. Da safe zai je ya gaishe shi, "Ina kwana, Baba," ya amsa abin da aka tambaye shi, ya juya. Ranar Juma'a Baba zai fito da keke ya tsaya, Auta ya ce ƙafarsa na ciwo, zai yi salla a gida. Baba ya ɗan jima a tsaye riƙe da keken, sannan ya fita shi kaɗai. Yaron ya rame, Umma ta kai shi asibiti aka ce ba a ga komai ba. Na gwada ba shi labaran da ka, tunda na haddace da yawa, ina canza murya yadda yake yi.

"Bari, Yaya," ya ce. "Ko kin faɗa, da layin nake ganinsu."

Da damina ta kusa Kawu ya zo da sababbi guda biyu a aljihun rigarsa, bai san abin da ya faru ba. Umma ta ba shi labari a ɗaki. Ya fito ransa a ɓace ya sami Baba a zaure, ni kuma ina kai musu ruwa.

"Allah gafarta Malam, ni jahili ne, ban isa in yi maka gardama a karatu ba. Amma yaron nan zanen yara yake kallo. Ba bauta musu yake yi ba."

"Na san ba ya bauta musu."

"To don me?"

"Don ba zan tsaya a gaban mutane in hana abin da na bari a gidana ba. Kuma ba mutane kaɗai nake tsoro ba. Ni za a tambaya a kan gidan nan, ba kai ba." Sannan ya ce, "Waɗanda ke aljihunka ma, in za su kwana a nan, sai an ja musu."

Kawu ya dafe aljihun. "To ba ni Auta ya yi hutu a Zango. Ya sha iska, ya ga 'yan'uwansa."

Na ɗauka Baba zai ƙi. Sai ya ce a tambayi yaron. Aka tambaye shi, bai ko yi jinkiri ba ya ce zai je.

Da safe Kawu ya kawo motar ƙofar gida. Umma ta ɗaure masa kaya a ɗankwali tana kuka a ɓoye. Baba ya sunkuya zai ɗauke shi ya sa a kujerar gaba, yadda ya saba ɗora shi a keke. Auta ya ce, "Zan iya, Baba." Ya miƙa wa Kawu sandunan, ya kama ƙofa, ya ja jikinsa. Ƙafar ta maƙale, ya sa hannu ya ɗago ta ya shigar. Ya ɗauki lokaci, duk muna tsaye muna kallo, Baba da hannayensa a buɗe bai san inda zai kai su ba.

Hutun ya ƙare bai dawo ba. Kawu ya zo ya roƙa a bar shi ya yi zango ɗaya a makarantar can, tunda ya fara cin abinci ya yi abokai. Zango ɗaya ya zama shekara. A can ya gama firamare, a can ya koyi gyaran rediyo a wurin wani maƙwabcin Kawu, da wayoyin hannu suka yawaita ya koma gyaransu. Na taɓa tambayar Kawu ko Auta yana karanta sababbin littattafan. Ya ce ya duba su sau ɗaya ya ba 'ya'yan gidan, kuma ya ce kada a ƙara sayo masa.

Auta yakan zo da salla, da kuma duk lokacin da aka ce Baba ba ya jin daɗi. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya kawo masa shadda da turare, su yi maganar damina da farashin gero. Wanda bai sani ba zai ce ba abin da ke tsakaninsu.

Shekarar da za a yi mini aure, wata la'asar ina zuba wa Baba ruwan alwala saboda hannunsa ya fara rawa, sai ya tsaya da wanke ƙafa bai ɗago ba ya ce:

"Ke kina wurin. Da na ƙona su, da ya fi?"

Na ce ban sani ba, Baba.

"Da na bar su fa?"

Duk amsar da na ɗauko sai in ga akwai wanda za ta cuta. Ya jira kaɗan, sannan ya miƙo ɗaya ƙafar na zuba masa ruwa.

Baba ya rasu bayan 'yan shekaru. Auta ya iso daga Zango a kan babur ɗinsa mai ƙafa uku kafin a gama haɗa gawar, ya yi kuka fiye da kowa a cikinmu, ya zauna zaman makoki har aka tashi. Yana can Zango har yanzu da matarsa da 'ya'yansa, muna waya kusan kullum. Na sha yin niyyar gaya masa tambayar da Baba ya yi mini a bakin alwala, amma har yau ban gaya masa ba.